Ku Tambaya, Mu Amsa: Fim a Kan Mai Auri-Saki

Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi. Matasan zango da ke shirya fina-finan Hausa a nan Kumasi suna son ɗaukar labarin mutum ɗaya mai aure barkatai, wanda soyayya ta ƙi zama a hannunsa. Mun zaɓi guda 7. Marubucin fim, mai ɗaukar sauti da malamin fiƙihu ne suka haɗu a kan amsoshin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na rubuta labarin wani ɗan goro da ya yi aure sau 5 tsakanin 1994 da 2024. Ta farko zaɓin mahaifinsa ce, ta biyu ita yake so, sauran ukun kuwa neman madadin ta biyun ne. Na karanta wa abokaina, sun ce tun daga aure na uku suka fara hamma. Ina matsalar take? (Wani matashi daga Aboabo)

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun gaya maka gaskiya, ka gode musu. Labari ɗaya ka ba su sau 5: ya gani, ya so, aka ɗaura, aka yi faɗa, ya saka. Mai kallo yana gane wannan zubi tun daga karo na biyu, daga nan lissafin saura nawa kawai yake yi.

Fara da nemo halin mutumin, guda ɗaya tak, wanda kyamara za ta iya gani. “Ba shi da haƙuri” ko “yana da ruwan ido” bayani ne, ba a ɗaukarsa a hoto. Ga wanda zai dace da ɗan goronka: mutum ne da ba ya iya gaya wa mace magana mai nauyi ido da ido. A kasuwa bakinsa kamar reza, yana iya sayar da huhun goro ga wanda bai fito saye ba, amma a gida aike yake yi. Da zai ƙara aure, ƙanwarsa ya tura ta gaya wa uwargida. Sakin farko takarda ce da ajami, ya ba yaro ya kai. Na biyu saƙon tes ne a ƙaramar Nokia. Na ƙarshe muryarsa ce a WhatsApp, ya naɗa ya goge har sau uku kafin ya tura. Hali yana nan, zamani ne ke tafiya, kuma mai kallo ya samu abin jira: yaushe bawan Allahn nan zai tsaya gaban mace ya faɗa da bakinsa? Wannan jiran ne zai zaunar da mutum minti 90.

Sai rabon shafuka. A ƙa'idar rubutun fim, shafi 1 kusan minti 1 ne a allo. In shafi 90 gare ka, kada ka yi wa matan adalcin kwana ka ba kowace 18. Uwargida ta samu kamar 20, tun da ita ce mizanin da za a auna sauran da shi. Ta biyu, wadda yake so, ba ta 30, don a nan ciwon yake. Ta uku da ta huɗu su raba 12 tsakaninsu, da sauri, da gangan, don mai kallo ya ji a jikinsa cewa mutumin ya fara ɗaukar aure kamar canjin riga. Ragowar na ta biyar ne da ƙarshen labari. Kuma ba dole ka fara daga 1994 ba. Akwai rana ɗaya da al'ada ke tara waɗannan mata a tsakar gida guda ko suna so ko ba sa so: ranar bikin 'yarsa. Fara daga can, shi ne waliyyi, an ce ya yi wa ango nasiha, ya buɗe baki magana ta ƙi fita. Daga nan ka koma baya.

Inda marubutanmu suka fi faɗuwa shi ne matan. Ana mai da su tasha, gogan ya sauka ya hau: wannan mai haƙuri, wannan masifaffiya, wannan mai son abin duniya. Ɗauki kowace ka tambayi kanka me take so a duniya wanda ba shi ba. Wata tana son ta ƙarasa makarantar da aka cire ta. Wata tana tara kuɗin adashi don ta kai mahaifiyarta Makka. Wata tana son ɗanta na auren fari, agolan gidan, ya daina cin abinci shi kaɗai a bakin ƙofa. Ba kowace mace fitowa, wato yankin wasa a fim, aƙalla ɗaya wadda mijin ba ya ciki, kuma ba maganarsa ake yi ba. In ka kasa rubuta wannan fitowa, ba ka san matar ba tukuna.

Rage surutu kuma. Ɗauki wannan misali. Kwana 7 na amarya sun cika, girki ya dawo hannun uwargida. Ta shigo da tire, ta durƙusa, ta ajiye langar tuwo da kwanon miya da ruwan wanke hannu, kowanne a inda ta saba ajiyewa shekara 7. Ya buɗe ɗan kwanon da take zuba masa yaji, ya tarar da shi a wanke, fes, babu komai. Ya ɗaga kai, tana bakin ƙofa ta ba shi baya, hannunta riƙe da labule, tana jira. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sa hannu a tuwo. Ta saki labulen. Babu kalma ko ɗaya, amma duk macen da ke kallo a Sawaba ko Tafo Zango ta ji abin da aka ce.

TAMBAYA: Ni mai kallo ce kawai, amma abin yana ci mini rai. Za ka ga an saki mace yau, ta kwashe kaya, sati biyu an ɗaura mata aure da wani. Wani kuma ya yi saki uku, gobe ya je biko. Don Allah ku gaya wa yaran nan daidai. (Wata Hajiya daga Asawase)

AMSA: Hajiya, Allah Ya saka da alheri, kin taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Mutanen zango za su yafe wa fim hoto mai duhu, amma ba sa yafe kuskure a sha'anin aure, don kowa ya san shi daga gidansu. Ga abin da marubuci zai riƙe, bisa mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi.

Igiyar aure uku ce. Saki na farko da na biyu na kome ne: matar tana idda a ɗakinta, a gidan mijin, ci da sha a wuyansa, kamar yadda ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita. Cikin iddar yana iya mayar da ita ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure. Da zarar idda ta cika kuwa ya zama kamar kowane manemi, sai da yardarta da waliyyi da shaidu da sadaki. Mun san a aikace mata da yawa gida suke tafiya ranar da takarda ta shiga hannunsu. Fim yana iya nuna haka, tun da yana faruwa, amma a samu wani a ciki, uba ko gwaggo, da zai ce mata ta koma ɗakinta ta yi idda. Wata ukun nan da za ta zauna gida ɗaya da wanda ya sake ta, tana jin shigarsa da fitarsa, su ne ma wuri mafi daɗin labari, kuma su ake tsallakewa.

Iddar mai al'ada tsarki 3 ne, wadda ba ta al'ada wata 3, mai ciki sai ta haihu ko da gobe ne, takaba kuwa wata 4 da kwana 10. Wadda aka saka tun kafin ta tare, ba su taɓa keɓewa ba, ba ta da idda, kuma rabin sadakin da aka yanka take da shi. Wannan ce kaɗai, ita da wadda ta haihu nan take, marubuci zai iya aurarwa cikin sati biyu bai yi kuskure ba.

In igiya ta uku ta tsinke, babu biko. Sai ta gama idda, ta auri wani aure na gaskiya, su zauna a matsayin miji da mata, ya sake ta don kansa ko ya rasu, ta sake wata iddar. Ko da komai ya tafi da sauri, sai an ɗauki watanni. Auren kisan wuta da ake shiryawa don a halatta ta haramun ne, kuma a Malikiyya ba ya halatta ta. In fim zai nuna shi, ya nuna shi a matsayin ɓarna. Saki uku a kalma ɗaya kuwa, mazhabobi huɗu uku suke ƙirga shi, wasu malamai kamar Ibnu Taimiyya suna ƙirga shi ɗaya. Shi ya sa za ki ga mutum ya yi aika-aika da dare, da safe yana yawo daga wannan malami zuwa wancan. Wannan yawon kansa fitowa ce mai kyau, in an yi ta da mutunta malaman duka.

Sauran abubuwan da ake yawan kuskurewa: hul'i, inda mace ta fanshi kanta, babu kome a cikinsa. Mai mata 4 da ya saki ɗaya sakin kome ba ya ƙara wata sai iddarta ta cika. Budurwa kwana 7 ake ba ta, bazawara 3, sannan rabon girki ya ci gaba. Reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, sai dai in uwar ta yi wani auren, sannan ya koma kan mahaifiyarta. A gado, matan mamaci tumuni ɗaya suke rabawa in yana da ɗa ko 'ya, rubu'i in babu. Wadda take iddar kome lokacin da ya rasu tana cikinsu. A Malikiyya ma wanda ya saki mace cikin ciwon ajali, tana gadonsa ko da iddarta ta cika.

Ga masu rubutu: ku samu babbar takarda ku ja layuka. Shekara, shekarun gogan, matan da ke gidan, igiyar da ta rage wa kowace, cikin da ake da shi, shekarun kowane yaro. Ku manna ta a bango kafin ku rubuta fitowa ta farko, in kun gama ku kai wa malami ya bi ta layi-layi.

TAMBAYA: Ni da matata muke son fitowa a matsayin miji da mata, kuma a labarin akwai inda nake ce mata “na sake ki”. Wani ya tsorata ni. (Ɗan wasa daga Akwatia Line)

AMSA: Ya yi daidai da ya tsorata ka, Malam. Hadisi ya zo cewa abu uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure da saki da kome. Akwai malaman da ke ganin mai kwaikwayo kamar mai ba da labarin maganar wani ne, amma aurenka ya fi ƙarfin a gwada saɓanin malamai a kansa. Hanya mai sauƙi ita ce kada lafazin ya fito daga bakinka zuwa gare ta, kada kuma ka rubuta shi da hannunka. Kyamara ta tsaya kan yaron da ya kawo takarda, wani ne ya rubuta ta da sunayen cikin labari, sannan a yanko fuskarta tana karantawa. Ko a ɗauki tsakar gida, a ji salati ya tashi daga ɗaki. A fitowar ɗaurin aure ma, sunayen labari za a ambata a siga, kuma kada a sa mahaifin 'yar wasa na gaskiya ya zauna a matsayin waliyyinta.

TAMBAYA: Labarinmu shekara 30 ne, jarumi ɗaya gare mu, gida ɗaya aka ba mu aro. Yaya za mu nuna wucewar zamani ba tare da rubuta “bayan shekara goma” kowane lokaci ba? (Mai shirya fim daga Alabar)

AMSA: Ɗan'uwa, kasa fim ɗin zamani uku, ka ɗauki kowanne a dunƙule, kuma ka fara da tsufa. Jarumi ya bar gemu ya taru wata guda ko biyu kafin a fara. A ɗauki duk fitowar tsufa da cikakken gemu, a sa masa furfura da farin kwalliyar gashi a buroshin haƙori, a gefen kunne da ƙasan haɓa kawai, kaɗan. Hodar jiki ba ta yi, gumi na zubowa take dalala. Sannan a rage gemun don tsakiyar shekaru, a aske don samartaka. In ka fara da samartaka sai ka zauna jiran gemu ko ka manna na roba, wanda ake ganewa daga nesa. Tsufa ya fi fitowa a zama da tashi: dafa gwiwa kafin miƙewa, nisantar da waya daga ido kafin karatu.

Ga 'yan mata ma haka ne. Lalle yana kwana 10 zuwa sati 2 a fata, a farce ya fi haka daɗewa. Don haka biki da amarcin kowace jaruma su ne ƙarshen aikinta. In ka fara da ƙunshi, za ta fito a fitowar saki, shekara 6 bayan aure, da zanen amarci a hannu.

Ɗakin nan guda yana iya zama ɗaki uku. Fenti da labule da abin da ke jikin bango su ne zamani. Na 1994 jeren kwanukan amarya a kabad, rediyo mai kaset, ƙwan lantarki mai jan haske. Na tsakiya talabijin mai ƙeya da firji. Na yanzu talabijin na bango da farin ƙwai. Kowane sauyi ka ba shi yini guda, fenti ya bushe, ka yi aikin waje a ranar.

Abin da ke tona asiri ƙanana ne. A watan Yulin 2007 aka sauya sidi, kuɗin Ghana, aka cire sifiri 4, wato tsohuwar 10,000 ta koma sidi 1. Sadakin 1994 da na 2001 dole a ƙirga su da tsofaffin takardu, a kuma faɗe su da lissafin dubbai da miliyoyi na lokacin. Ko a tsofaffin, 'yar 10,000 da 'yar 20,000 sai 2002 suka fito. Sabbin 'yar 100 da 'yar 200 kuwa na 2019 ne. Sunan MTN bai hau allunan Ghana ba sai 2007, kafin nan Areeba ne, kafin shi Spacefon. Tura kuɗin cefane ta waya daga 2009 ne, saƙon murya a WhatsApp daga 2013. Kada sabon ginin kasuwar Kejetia ya faɗo a hoton 1994, don aikinsa a 2015 aka fara. Haka firagiya, wato babur ɗin haya mai ƙafa uku, da tankin ruwa na roba, da farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi. Fitowar waje ta tsohon zamani a matse hoto, a sa bango a baya. In labari ya ratsa 2015, ga dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, kyauta: miji da mata a duhu, kowa da fitilar wayarsa.

A ba mutum ɗaya aikin kwantiniti, ba ya yin komai sai shi. Ya ɗauki hoton kowane ɗan wasa da kowane kusurwar ɗaki kafin a fara da bayan an gama, ya rubuta hular da aka sa da hannun da ke riƙe da carbi. Shafi 5 zuwa 6 a yini shi ne abin da ƙaramar tawaga ke iyawa da kyau, wato shafi 90 kwana 15 zuwa 18 ke nan, ban da ranakun fenti. Rana a Kumasi wajen ƙarfe 6 take faɗuwa duk shekara, duhu kuma ba ya jira, don haka fitowar yamma a shirya ta tun la'asar.

TAMBAYA: Mun gama ɗauka, hoto ya yi kyau, amma magana ba ta fita. Fitowar da matar ke kuka tana faɗin abin da ke ranta, sai ƙarar fanka da babur ake ji. Hasken ɗaki kuma yana rawa. (Darakta daga Moshi Zango)

AMSA: Fim ɗin aure fim ɗin magana ne a ƙaramin ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa, saboda haka in kuɗi ya yi kaɗan a rage daga kyamara a ba sauti. Makirfon jikin kyamara ɗakin yake ji, ba mutum ba. A sa makirfon sanda sama da kan mai magana, santimita 30 zuwa 60 daga baki, yana kallon ƙirji. A naɗa a kilohaz 48, ƙarfin murya yana kaiwa wajen -12 a ma'auni, don in ta fashe da kuka kada sauti ya tsage. Mai ɗaukar sauti kada ya cire abin ji daga kunne, kuma a ba shi ikon tsayar da aiki kamar darakta.

Kafin a ce a fara, a kashe fanka da firji. Wanda ya kashe firjin ya sa makullin babur ɗinsa a ciki, ba zai tafi ya bar naman masu gida ya lalace ba. Bangon siminti yana mai da murya, sai a rataya barguna a bangon da ba ya cikin hoto, a shimfiɗa darduma. Janareto a kai shi nesa, mita 30 ko fiye, bayan katanga, a ja doguwar waya. Ƙaramin makirfon maƙalawa yana shan wahala da hijabi da mayafi, don ƙyalle na gogarsa, sai a naɗe shi da filasta a manna tsakanin zane biyu yadda ba za su motsa ba.

Zango yana da lokutansa. Daga shigar yara makaranta zuwa kafin azahar shi ne mafi shiru. Ana kiran salla a tsaya, don girmamawa da kuma lasifika. Aboabo da Asawase suna kusa da filin jirgi, in ya taso a jira ya wuce. Daga Afrilu zuwa Yuli, da Satumba zuwa Oktoba, ruwa a kan rufin kwano yana cinye magana gaba ɗaya, don haka a nemi ɗaki mai silin. A kowane ɗaki a naɗi minti 1 na shiru, kowa a tsaye cik, mai tacewa zai cike giɓi da shi. In wata magana ta lalace, a sa ɗan wasa ya maimaita ta nan take a ɗakin, kyamara a kashe.

Taka fitowar da ta riga ta lalace, ka koma ɗakin da jarumar da dare, ta kalli hoton ta maimaita jimla-jimla, kowace sau 3 ko 4. Rawar haske kuwa daga saiti ne. Wutar Ghana haz 50 ce, wayoyi da kyamarori da yawa kuma a hoto 30 cikin daƙiƙa suke zuwa. Mai da shi 25, saurin buɗe idon kyamara 1/50.

TAMBAYA: Labarin kawuna ne na gaskiya, yana raye, matan da ya saka ma suna nan a unguwa. In na canja sunaye ya wadatar? (Wata ɗaliba daga Nima, Akra)

AMSA: Bai wadatar ba, 'yata. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda ya zaga, 'yan unguwa ma sun sani. Tun 2001 Ghana ta soke dokar da ke ɗaure mutum kan ɓata suna, amma ƙarar neman diyya tana nan, kuma abin da kotu ke dubawa shi ne ko waɗanda suka san mutum za su gane shi ake nufi. Kawunki ma bai kai matan abin tausayi ba. Wasu suna gidan wani mijin yanzu, da 'ya'ya da surukai, ba su ce a buɗe musu tsohon ciwo ba. Ko dai ki samu yardar kowa a rubuce bayan sun ji labarin duka, ko ki riƙe halin ki zubar da sauran: canja sana'a, gari, yawan matan, jerinsu, da duk wani abin da ya faru wanda unguwa ke tunawa. Sirrin ɗaki da wata ta taɓa gaya wa mahaifiyarki amana ne, kada ya shiga.

Tun da a Ghana labarin yake, dokar ƙasa ma kayan aiki ce. Aure iri uku doka ta sani: na gargajiya, na Musulunci, da na kotu wanda mace ɗaya kawai ya yarda da ita. Wanda ya yi na kotu ya ƙara aure a kai ya yi laifi a doka. Na Musulunci, dokar 1907 ta ce a yi masa rajista cikin sati 1, kuma da yawa ba sa yi. In mutum ya rasu bai bar wasiyya ba aka je kotu, dokar gado ta 1985, wadda ake kira PNDC Law 111, tana da nata rabon da ya sha bamban da mirasi. Dokar yara ta 1998 kuma ta sa shekara 18 ne mafi ƙarancin shekarun aure. Kafin ki nuna fim ga jama'a, dokar 2016 ta ce sai hukumar fina-finai ta ƙasa ta duba shi ta sa masa matakin shekaru. Waƙar wani da ke tashi a wurin biki kuma tana da mai ita ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2005, kuma YouTube na gane ta ko da a can baya take. A ɗauki rawar ba kiɗa, a ɗora naku daga baya.

TAMBAYA: Da Hausar Kano za mu yi, don ya sayu a Najeriya da Nijar, ko da tamu ta zango? (Marubuci daga Sawaba)

AMSA: Kowa ya yi da bakin da ya dace da shi a labarin, ɗan'uwa. Ɗan zango da ya tilasta wa kansa Kananci hankalinsa yana komawa kan “ta” da “ya”, sai wasan ya mutu a fuskarsa, Bakano kuma yana jin ƙarya tun jimlar farko. Hausarmu da ke cewa “yarinya ya zo”, tana surka Tuwi, harshen Asante, da Turanci, ita ce muryar gidajen nan, kuma ita ce abin da Kannywood ba ta da shi. Bambancin baki ma yana yi maka aiki. Tsohon malamin da ya ɗaura auren Hausarsa ta littafi ce. Ɗan goro mai zuwa Legas da Kano yana sauya harshe gwargwadon wanda ke gabansa. In ɗaya cikin matan 'yar Asante ce da ta musulunta, ranar da ranta ya ɓaci da Tuwi za ta yi faɗa, uwar miji kuma ta yi kamar ba ta ji.

Abin da zai kai fim ɗin waje shi ne fassarar ƙasan allo. Yi guda biyu, ta daidaitacciyar Hausa da ta Turanci, a matsayin fayil daban da mai kallo zai zaɓa, kada a ƙona su a jikin hoto. Layi 2 ne iyaka, kowanne kada ya wuce harafi 42, ya zauna aƙalla daƙiƙa 1, kada ya haura 6. Kada a bar wa na'ura fassarar, don “ta yi yaji” barkono za ta kawo maka, “igiya ɗaya ta rage” kuma ta ɗaure akuya. A ba mutum biyu su duba, ɗaya ɗan Kumasi, ɗaya wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, su kalla da sauti a kashe su ga ko labarin ya tsaya da rubutun kaɗai.